Ofam 741 ya ƙi motsi da batir ɗaya, ta yaya ake samun wutar nagatif?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa ƙaramin amfilifaya na makirfo da ofam 741, wato ƙaramin aisi (guntun lantarki mai ƙafa takwas) da ke ƙara ƙarfin sigina, a kan allon gwaji. Sigina tana shiga ƙafa ta 3, na sa rasista 100k daga ƙafa ta 6 zuwa ta 2, sannan 1k daga ƙafa ta 2 zuwa giraun. Batir ɗaya ne mai 9 V, jan waya a ƙafa ta 7, baƙar waya a ƙafa ta 4, kuma baƙar wayar ce giraun ɗina, wato layin sifili da nake aunawa daga kai. Mafita ta tsaya a kusan 2 V, ko na yi magana ko na yi ihu mita ba ta gezau. Zanen da nake bi ya rubuta +9 V da -9 V. Batirin da ke ba da nagatif 9 kuma a ina ake samunsa? Ko aisin ne ya ƙone?

Tsohon Mai Rediyo: Wa alaikumus salam ƙanina. Aisinka lafiya lau yake, kada ka jefar. Babu wani batir na musamman mai nagatif. Samo batir na biyu irin wannan, ka haɗa jan wayarsa da baƙar wayar na farko. Wannan mahaɗar ita ce giraun. Jan wayar da ta rage a sama ta tafi ƙafa ta 7, baƙar da ta rage a ƙasa ta tafi ƙafa ta 4. Rasistar 1k da giraun ɗin makirfo su dawo mahaɗar, su bar ƙafa ta 4 kwata-kwata.

Ɗan Koyo: Baba to ai in na jera su haka 18 V ke nan. Ba zai yi wa aisin yawa ba?

Tsohon Mai Rediyo: 18 ne daga kai zuwa wutsiya, gaskiyarka. Amma 741 da +15 da -15 aka saba ba shi, wato 30 ke nan tsakanin ƙafa ta 7 da ta 4. Iyakar mai harafin C a ƙarshe ita ce 18 kowane gefe. Kana nesa da ita.

Malamar Fizis: Bari in ƙara kan abin da Baba ya faɗa, domin nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Bolt ba abu ba ne da waya ɗaya ke riƙe da shi ita kaɗai, tazara ce tsakanin wurare biyu. Mutumin da ke tsaye a bakin rijiya, reshen bishiya yana sama da shi da mita 9, ruwa yana ƙasa da shi da mita 9. In ya sauka ya tsaya a bakin ruwan, sai ya ce ƙasa tana mita 9, reshe yana mita 18, alhali babu abin da ya motsa sai shi. Baƙar sandar mitarka ita ce wurin tsayuwarka. Ɗora ta a mahaɗar batiran, ka taɓa sama da ja za ka ga 9, ka taɓa ƙasa za ka ga 9 da alamar ragi a gabanta.

Sannan ka ƙirga ƙafafun 741 ɗin nan da kyau. 2 da 3 mashiga, 6 mafita, 7 da 4 wuta, 1 da 5 na daidaita sifili, 8 ba a haɗa ta da komai. Ina ƙafar giraun? Babu. Ofam bai san giraun ba sam. Abin da ya sani shi ne wutar sama, wutar ƙasa, da kuma inda mashigansa suke tsakanin su biyun. Shi 741 yana son mashigansa su yi nesa da kowane gefe da kamar bolt biyu zuwa uku kafin taransistocin cikinsa su farka. Kai kuwa ka zaunar da ƙafa ta 3 daidai kan wutar ƙasa. Ita ma mafitar ba ta iya sauka har ƙasa, takan tsaya da saura bolt ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan 2 V da kake gani, iyakar saukarta ke nan.

Mai Solda: Malama duk na yarda, amma ni ina ganin ana wahalar da yaron nan ne. Batir biyu na mene ne? Ɗauki rasista biyu 10k, jera su tsakanin ja da baƙi na batir ɗaya, tsakiyarsu 4.5 V. Kira ta giraun. Ka sami +4.5 da -4.5. Sa kafasita 47 ko 100 maikurofarad a kanta, shi ke nan. Akwatunan sauya sautin gita da ake takawa da ƙafa yawancinsu haka suke, batir ɗaya tal, kuma suna ta aiki shekara da shekaru.

Injiniya: Malam Mai Solda, dabarar tana aiki, babu musu, amma ba da 741 ba. Lissafa: 4.5 kowane gefe, cire kusan 2 da mafita ba ta kaiwa, saura 2.5 sama 2.5 ƙasa, kuma wannan da sabon batir ne. Batirin 9 V ƙananan sel shida ne a ciki, kowanne 1.5. Sabo yana nuna wajen 9.5, yana aiki yana sauka, kuma mafi yawan rayuwarsa yana tsakanin 8 da 7 ne. Da ya kai 7, kana da 3.5 kowane gefe, 741 ya fara shaƙewa tun batirin yana da sauran ƙarfi a cikinsa. Da batir biyu kuwa, ko sun sauka zuwa 6 kowanne, aisin yana nan yana numfashi.

Akwatunan gita da ka ambata, sigina ce ƙarama ke bi ta cikinsu kuma ba sa tuƙa kaya mai nauyi. Shi ya sa suke tsira.

Mai Solda: To ya canza aisi mana. LM358 yana aiki tun daga 3 V, kuma mashigarsa tana sauka har ƙasa.

Injiniya: Haka ne, daga 3 har 32 da wuta ɗaya. Sai dai ga sauti yana da wani lahani sananne: mafitarsa na ɗan yin tsalle a daidai lokacin da take juyawa daga turawa zuwa ja, kuma kunne yana jin wannan a matsayin kaushi, musamman in sautin ya yi ƙasa. Don auna zafi ko haske, LM358 abokin tafiya ne. Don makirfo ni TL072 zan ɗauka, shi kuma gara a ba shi wuta biyu.

Ɗan Koyo: Alhamdu lillahi! Na haɗa yadda Baba ya ce. Sama 9.4, ƙasa -9.3, kuma yanzu sauti yana fita. Allah ya saka da alheri. Amma abu biyu. Na farko, in babu magana mafita ba ta zauna a sifili, tana nuna 0.2 V. Na biyu, da na gwada sa kafasita tsakanin makirfo da ƙafa ta 3, sai ya yi aiki na ɗan lokaci, lambar mita tana ta tafiya a hankali, can sai sautin ya ɗauke ɗif. In na taɓa ƙafar da yatsa sai ya dawo.

Tsohon Mai Rediyo: Madalla. Na biyun shi ne mai muhimmanci, bari in fara da shi. Ƙafa ta 3 tana shan 'yar wuta kaɗan kullum, ko da sigina ko babu. Kafin ka sa kafasita, tana samunta ta cikin nadin wayar makirfon. Da ka sa kafasita ka toshe mata hanya. Sa rasista daga ƙafa ta 3 kai tsaye zuwa mahaɗar batiran, 10k ta isa. Yatsanka da ka taɓa, aikin wannan rasistar ya yi na ɗan lokaci.

Malamar Fizis: Kuma tafiyar da ka ga lambar tana yi ana iya lissafa ta. Mashigar 741 tana jan kamar nano'amfiya 80. In kafasitar maikurofarad ɗaya ce, wutar da ke kanta za ta riƙa gusawa da kusan 0.08 V kowace daƙiƙa. Haɗinka yana ninkawa sau 101, wato 100k a raba da 1k a ƙara ɗaya. Ka ga ba za a jima ba mafita ta je ta manne a gefe. Da TL072 ma haka za ta faru, sai dai a hankali ƙwarai, domin mashigarsa taransisto ce irin JFET, abin da take ja bai kai nano'amfiya ɗaya ba a zafin ɗaki. Wannan ma ya fi ruɗa mutum, don haɗin zai yi kamar lafiya na tsawon lokaci kafin ya ɓaci.

Shi kuwa 0.2 V, ba laifin batir ba ne, kada ka ɗauka don ɗaya 9.4 ɗaya 9.3 ne. Mashigan biyu ba su taɓa zama daidai cif ba, akwai bambancin milibolt ɗaya ko biyu, wani lokaci har shida a 741C. Ninka milibolt 2 sau 101, ga 0.2 ɗinka.

Ɗan Koyo: To Malama yaya zan kawar da shi?

Malamar Fizis: Tunda sauti kake ƙarawa, hanya mafi sauƙi ita ce ka sa kafasita 22 maikurofarad a jere da rasistar 1k kafin ta kai giraun. Sauti zai ci gaba da ninkuwa sau 101, amma wutar da ba ta motsi sau ɗaya kawai za ta ninku, sai 0.2 ta koma 'yan milibolt. Abin da za ka rasa sautin da ke ƙasa da wajen 7 Hz ne, kunne ma ba ya jin sa. Ɗaya hanyar ita ce fot, wato rasista mai juyawa, mai 10k tsakanin ƙafa ta 1 da ta 5, tsakiyarsa zuwa -9, ka juya har mita ta nuna sifili. Ka lura, zuwa -9, ba giraun ba.

Ɗalibin Lantarki: Ina bin zancen tun farko. Ni tambayata kan makunni ce. Tunda wayar tsakiya ita ce ta kowa, me zai hana a sa makunni ɗaya a kanta, a yanke giraun, komai ya mutu lokaci guda?

Tsohon Mai Rediyo: A'a ɗana, kada ka yi haka. In ka yanke tsakanin mahaɗar da allo, batiran biyu suna nan a jere, 18 V tana nan a kan ƙafa ta 7 da ta 4. Sauti zai lalace, za ka ɗauka ka kashe, amma aisin yana ta cin abincinsa a cikin akwati. 741 yana shan kamar 1.7 mA yana zaune. Batirin alkalin mai 9 V yana da wajen 550 mAh. Raba ka gani, awa ɗari uku da 'yan kai, ƙasa da mako biyu. Ka ajiye abu a kashe, ka dawo ka tarar da batir biyu matattu.

Makunni mai hannu biyu ake sawa, wanda ke yanke waya biyu da dannawa ɗaya, a jikin takardarsa za ka ga DPST ko DPDT. Hannu ɗaya ya yanke +9, ɗaya ya yanke -9. Wayar tsakiya a bar ta a haɗe har abada.

Ɗalibin Lantarki: In kuma na yanke +9 kaɗai fa, Baba?

Injiniya: Sai ka bar aisin da rabin wuta. Ƙafa ta 4 tana -9, giraun yana sifili, to wuta za ta nemi hanya daga giraun ta bi rasistoci ta shiga mashiga ko mafita ta fita ta ƙafa ta 4. Batirin ƙasa yana zuba a hankali, mafita kuma tana iya karkata zuwa nagatif ta tura wa abin da ke gabanta wutar da bai nema ba. Wasu ofam ɗin ma ba sa son gefe ɗaya ya riga ɗaya zuwa, suna iya maƙalewa su yi zafi. Makunni mai hannu biyu ya raba ka da duk wannan.

Malamar Fizis: Akwai gwajin da nake so Ɗan Koyo ya yi, domin shi ne zai zaunar masa da abin a kai fiye da duk bayaninmu. Juya mita zuwa milliamfiya. Cire wayar +9 ka sa mitar a tsakani, rubuta lamba. Mayar, yi haka a wayar -9. Mayar, sannan yi haka a wayar tsakiya. Kada a yi magana a makirfon.

Ɗan Koyo: Na yi Malama. Wayar tsakiya 7 mA da ɗan kai. Wayar -9 tana 1.6. Wayar +9 kuwa 8.9! Me ke cin wannan?

Malamar Fizis: Akwai wani abu a allon da ba ka faɗa mana ba. Ka sa fitilar nuna wuta?

Ɗan Koyo: Eh, jar LED da rasista 1k, daga +9 zuwa giraun.

Malamar Fizis: Ita ce. Cire ta ka sake auna tsakiyar, za ka ga kusan sifili, sama da ƙasa kuma za su zo daidai da juna. Dalili shi ne abincin ofam na zaman banza yana shiga ta ƙafa ta 7 ya fita ta ƙafa ta 4, ba ya bi ta giraun. Abin da ke bi ta wayar tsakiya shi ne bambancin abin da gefen sama da gefen ƙasa suke bayarwa. In sigina ta hau, batirin sama ne ke tura wuta cikin kaya ta dawo ta tsakiya. In ta sauka, batirin ƙasa ne ke ja. Sauti yana hawa da sauka daidai wa daida, don haka batiran suna tsufa tare. Amma fitilarka gefe ɗaya ta rataya. Batirin sama zai ƙare cikin awa sittin da wani abu, na ƙasa yana da sauran kusan kashi huɗu cikin biyar.

Tsohon Mai Rediyo: Mayar da fitilar daga +9 zuwa -9, ta tsallake giraun, da rasista 10k. Za ta ci wajen 1.6 mA daga duka biyun daidai, kuma LED na yanzu suna haske sosai da wannan. Ni kullum haka nake yi. Har wani amfani gare ta: in maɓallin ɗaya daga batiran ya kwance, hasken zai canza, ka san akwai matsala.

Mai Solda: Kun ga abin da nake faɗa ko? Makunni na musamman, batir biyu, a kula kada ɗaya ya riga ɗaya mutuwa, akwati ya ƙara girma da nauyi. In raba wuta da rasista ba ta burge ku ba, akwai TLE2426 na Texas Instruments, ƙafa uku kamar taransisto, ka ba shi sama da ƙasa ya fitar maka da tsakiya cif, yana riƙe har 20 mA, shi kansa abin da yake ci bai kai rabin milliamfiya ba. Ko, tunda TL072 ofam biyu ne a jiki ɗaya, ka ɗauki rabin da ba ka amfani da shi ka sa ya riƙe tsakiyar rasistocin. Ba na jin daidai ne a nuna wa mai koyo kamar hanya ɗaya ce.

Injiniya: Wannan maganar taka gaskiya ce, kuma ni ma abin da zan sa a aljihu in yi yawo da shi, batir ɗaya zan so. Inda muka rabu shi ne wace ce za a fara koya. Tsakiyar batir biyu tsakiya ce ta gaske, tana iya bayarwa tana iya karɓa gwargwadon ƙarfin batirin. Tsakiyar rasista biyu masu 10k kuwa, in ka dube ta daga waje kamar wuta ce da ke bayan rasista 5k. Ja milliamfiya ɗaya kawai daga gare ta na dindindin, ta tashi daga wurinta gaba ɗaya. Kafasita tana rufa mata asiri a kan sauti, amma ba ta iya komai a kan wutar da ba ta juyawa. In ka rage rasistocin don ta yi ƙarfi, su kuma sai su zauna suna shan batir: 10k biyu suna cin 0.45 mA, 1k biyu suna cin 4.5, sun fi aisin kansa ci. Mai koyo da bai riga ya gane inda wuta ke komawa ba, in giraun ɗinsa yana yawo, ba zai san ko haɗinsa ne ba daidai ba ko ƙasan da yake aunawa daga kai ne ke motsi.

Kuma TLE2426 ba ya ƙara maka bolt. Rabawa yake yi. Daga 9 ɗaya har yanzu 4.5 da 4.5 ne.

Mai Solda: Wannan kam haka ne. Mai son -9 ta gaske daga batir ɗaya sai aisin ICL7660 mai juya wuta zuwa nagatif, da kafasita biyu masu 10 maikurofarad.

Injiniya: Shi ma da sharuɗɗansa. Na asalin iyakarsa 10 V, sabon batir yana gab da ita, kada wani ya ba shi 12. Yana kunnawa da kashewa a wajen 10 kHz, cikin abin da kunne ke ji, to a haɗin da ke ninka sigina sau ɗari kana iya jin siririn fito a bayan magana. Masu sauti sukan nemi ICL7660S ko MAX1044 saboda suna da ƙafar da ke ɗaga wannan saurin sama da ji. Sannan gefen nagatif ɗin yana da laushi, kana jan wuta yana raguwa, kuma duk abin da gefen nan ya ci daga batirin guda yake fitowa, don haka zai ƙare da saurin ninki biyu. Batir ba shi da ƙara ko kaɗan, wannan ne babban abin da yake ba mai makirfo.

Ɗan Koyo: Na mayar da fitilar, yanzu sama 3.3 ƙasa 3.2, tsakiya kusan babu komai. Amma wani lokaci in na matsar da wayoyin batir sai in ji wani ƙugi kamar injin kwale-kwale, fut fut fut.

Tsohon Mai Rediyo: Ka sa kafasitocin wuta kuwa? Na san ba ka sa ba, zanen koyo da yawa ba sa nuna su. Nemi ƙananan na yumɓu masu lamba 104 a jiki, wato nanofarad 100, guda biyu. Ɗaya daga ƙafa ta 7 zuwa giraun, ɗaya daga ƙafa ta 4 zuwa giraun. Gajarta ƙafafunsu, su zauna a ramin da ke maƙwabtaka da aisin, ba can ƙarshen allo ba. Sannan inda wayoyin batir suka shigo, sa manya biyu, 47 ko 100 maikurofarad, masu jure 16 V ko 25 V. Batir yana tsufa juriyar cikinsa tana ƙaruwa, wutar sai ta riƙa rawa tare da sautin, ta zagayo ta koma mashiga.

Ga inda nake so ka buɗe ido. Babbar kafasita tana da gefe, akwai zane fari a jikinta da alamar ragi. Ta gefen sama ba wuya: doguwar ƙafa a +9, mai zanen a giraun. Ta gefen ƙasa ce ke cin mutane. Hannu ya saba kai mai zanen giraun, amma a nan giraun ne ya fi -9 tsawo. Doguwar ƙafa a giraun, mai zanen a -9. In ka juya ta za ta yi ɗumi, kanta ya kumbura, wata ma ta fashe ta watsa maka takarda da ruwa a fuska, kafin nan kuma ta shanye batirin ƙasa.

Ɗalibin Lantarki: In zai koma TL072 kamar yadda Injiniya ya ce, cirewa kawai zai yi ya dasa a ramin 741?

Injiniya: Ko kusa. TL071 ne ke shiga ramin 741, ƙafa da ƙafa. TL072 ofam biyu ne a jiki ɗaya: wutar sama a ƙafa ta 8, ta ƙasa a ta 4, mafita a 1 da 7. In ka dasa shi a ramin 741 ka ba mafitarsa +9 kai tsaye. LM358, NE5532 da 4558 duk tsarin TL072 gare su. Masu huɗu a jiki kuwa, irin LM324 da TL074, ƙafa ta 4 ita ce wutar sama, ta 11 ce ta ƙasa. Wanda ya haddace cewa 4 nagatif ce, a nan zai ƙona aisi cikin daƙiƙa. Kowane sabon aisi a buɗe takardar bayaninsa tukuna.

Rabin da ba ka amfani da shi kada ka bar shi a sake: mashigarsa mai alamar tarawa zuwa giraun, mai alamar ragi zuwa mafitarsa. Da wuta biyu wannan abu ne mai sauƙi, tunda giraun yana tsakiya.

Dalilin canjin ma ba raina 741 ba ne. David Fullagar ya tsara shi a kamfanin Fairchild a 1968, kuma har yau ana buga shi. Amma faɗin aikinsa wajen 1 MHz ne, in ka raba da ninki 101 saura kamar 10 kHz, saman sautin ya fara dusashewa. TL072 yana da wajen 3 MHz, yana cin 1.4 mA kowane rabi. NE5532 ya fi su tsabtar sauti da makirfo irin wannan, sai dai yana shan kusan 8 mA, a kan batirin 9 V wannan nauyi ne.

Ɗan Koyo: In ɗaya ya riga ɗaya rauni, misali 8.5 da 7, sifilin mafita zai gusa?

Malamar Fizis: Kusan ba zai gusa ba. Mafita tana bin abin da ke ƙafa ta 3 ne da rasistocin da suka zagayo, su kuma a giraun suke tsaye. Ofam an gina shi ya yi biris da canjin wutarsa. A 741 canjin bolt ɗaya yana komawa kamar maikurobolt 30 a mashiga. Abin da zai faru shi ne gefen mai rauni zai riga yanke kan sigina in sauti ya yi ƙarfi. Haɗarin yana can ƙarshe: in ɗaya ya mutu murus ɗayan yana da ƙarfi, mai ƙarfin zai riƙa tura wuta ta cikin mataccen a juye, ta hanyar aisin, har ya fara yoyo. Don haka a canza su tare, iri ɗaya, kada a gwama alkalin da mai kabon.

Mai Solda: A nan zan ƙara abu ɗaya da nake sawa ko a nawa haɗin. Dayod 1N4001 biyu a juye, ɗaya tsakanin +9 da giraun, zobensa a +9, ɗaya tsakanin giraun da -9, zobensa a giraun. Suna zaune ba sa cin komai. Ran da maɓallin batir ya taɓa a juye ana cikin sawa, ko gefe ɗaya ya mutu, su ne za su hana layin ya wuce kamar 0.7 V ta ɓarauniyar hanya. Batirin zai yi zafi in ka bar shi a juye, don haka ba izinin sakaci ba ne. Mai son kariyar da ba ta zafi ya sa dayod 1N5817 a jere da kowane layi, ya haƙura da wajen 0.3 V.

Ɗalibin Lantarki: Ni ina da sel ɗin litiyom 18650 guda biyu. Zan iya yin wannan tsarin da su, in riƙa caji maimakon sayen batir?

Injiniya: Za ka iya, za ka sami +3.7 da -3.7, in sun cika 4.2. Amma wannan ya yi wa 741 da tsohon TL072 kaɗan, su daga 5 kowane gefe suke jin daɗi. LM358 zai yi, OPA2134 ma yana aiki tun daga 2.5 kowane gefe. Kada kuma ka ce bari ka ɗauko na ƙaramar wuta irin MCP6002 ba ka duba ba: iyakarsa 6 V daga sama zuwa ƙasa, naka kuwa 8.4 ne in sun cika.

Cajin ne wurin da nake jin tsoro. Kada ka haɗa ƙananan allunan caji na TP4056 biyu, ɗaya a kowane sel, ka ba su wuta daga USB ɗaya alhali sel ɗin suna jere. Nagatif ɗin allunan biyu a haɗe yake ta wayar USB, to ka gajarce sel ɗin ƙasa ke nan, kuma 18650 yana iya zuba amfiya masu yawa har waya ta yi ja. Ko dai ka ciro su ka yi cajin kowanne daban, ko ka sa allon kariya da caja da aka yi don sel biyu a jere. Sa fis ƙarami a kowane gefe, kusa da sel ɗin.

Ɗan Koyo: Ƙugin ya tafi bayan na sa 104 ɗin. Saura abu ɗaya malamai: ina so in kai mafitar zuwa mashigar sauti ta kwamfuta. Giraun ɗin kwamfutar da wace waya zan haɗa, baƙar wayar batirin ƙasa?

Tsohon Mai Rediyo: Da mahaɗar tsakiya, ƙanina, inda rasistocinka suke komawa. Baƙar wayar batirin ƙasa -9 ce, launinta kada ya ruɗe ka. Naɗa mata shuɗin tef yanzu ka huta. Sa kafasita maikurofarad 10 a jere da mafitar, sannan fot 10k a bayanta don rage ƙarfi, domin haɗinka yana iya fitar da kusan bolt 7 kowane gefe, mashigar kwamfuta kuwa wajen bolt ɗaya take so. Fara da fot ɗin a rufe, ka buɗe a hankali kana kallon ma'aunin sautin.